Maganin Ciwon Sukari da Lafiyar Ido: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Zargi Allura

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yi mana baiwar ji da gani, Ya kuma sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu daraja, akwai wata magana da muke yawan ji a majalisunmu na Zango, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango. Za ka ga dattijo ya shekara goma yana fama da ciwon sukari, yau ya sha magani, gobe ya bari. Da jiki ya tsananta sai 'ya'yansa su kai shi asibiti, likita ya ɗora shi a kan allurar insulin. Sukari ya sauka, ƙishirwa ta ragu, yawan fitsarin dare ya tsaya, kowa ya yi hamdala. Bayan wata biyu ko uku sai gani ya fara dushewa, har ya kai ga ba ya iya karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa allurar ce ta cinye masa ido, ya jefar da ita. Maƙwabcinsa da ya ji labari, ranar da likita ya ambata masa insulin sai ya ce ko kusa.

A cikin wannan magana akwai ɗan abin da yake gaskiya, akwai kuma kuskure babba wanda ya jawo wa mutane da yawa makanta. Abin da muke so mu yi a wannan rubutu shi ne mu raba biyun, bisa abin da binciken likitoci ya tabbatar, sannan mu faɗi hukuncin shari'a a wuraren da maganar ta taɓa azumi da salla.

Yadda sukari yake cin ido

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri wanda haske ke sauka a kansa, shi ne yake aika hoton abin da muka kalla zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiransa retina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, wanda za mu kira cibiyar gani. Da shi muke karatu, da shi tela ke zura zare a allura, da shi 'yar kasuwa a Kejetia ke bambance takardar sidi goma da ta sidi ashirin.

Wannan tantani cike yake da ƙananan jijiyoyin jini da suka fi gashi sirantaka. Idan sukari ya daɗe yana sama, bangon jijiyoyin yakan yi rauni. Wasu su fara yoyo, ruwa ya taru a cibiyar gani ta kumbura. Wasu kuma su toshe, wani sashe na tantanin ya rasa jini. Wurin da ya rasa jini sai ya riƙa fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda aikinsa shi ne ya sa sababbin jijiyoyi su tsiro. To amma waɗannan sababbin jijiyoyi ba su da ƙwari. Suna fashewa su zubar da jini a cikin ido, ko su yi tabo su fizge tantanin daga mazauninsa.

Abin tsoro a nan shi ne duk wannan ɓarna tana iya yin nisa ba tare da zafi ko jan ido ba, mutum yana gani garau. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Wani nazari da aka buga a wannan shekarar, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa a Afirka fiye da mutum ɗaya cikin kowane uku masu ciwon sukari cutar ta riga ta taɓa tantanin idonsa. Ke nan da yawa daga cikinmu ranar da aka gano muna da sukari, idon ya riga ya shekara yana shan wahala a ɓoye.

Abin da likitan ido yake yi

Hanyoyin magance wannan cuta huɗu ne. Ta farko ita ce leza, wato haske mai ƙarfi da ake ɗana wa gefe-gefen tantanin domin a rage fitar wancan sinadari. Tun a shekarun 1970 babban binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa leza tana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi ga waɗanda sababbin jijiyoyi suka tsiro musu. Ta biyu ita ce allurar cikin ido mai daƙile VEGF, irin su Avastin da Lucentis da Eylea. Ana kashe zafin wurin da maganin ɗigo kafin a yi, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Ƙarfinta yakan ƙare bayan 'yan makonni, shi ya sa da farko ake maimaita ta kusan kowane wata. Avastin ce ta fi araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin magunguna masu muhimmanci domin jinyar ido. Ta uku ita ce allurar sitiroid a cikin ido. Ta huɗu ita ce tiyata, idan jini ya cika ido ya ƙi washewa, ko tantanin ya fizgu.

Duk waɗannan suna gyara ɓarnar da ta riga ta auku ne. Tushen ɓarnar kuwa yana cikin jini, kuma maganin sukari da na hawan jini su ne ke tsare shi. Wanda ake yi wa allurar ido alhali ya bar sukarinsa sakaka, kamar mai kwashe ruwa ne daga ɗaki a tsakiyar damina bai gyara rufi ba.

Sauke sukari kariya ce ga ido

Wannan ba ra'ayin wani likita ɗaya ba ne. A shekarar 1993 aka fitar da sakamakon binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'in sukari na ɗaya, wato wanda ya fi kama yara da matasa. An raba su gida biyu, wasu aka tsananta musu kulawa da insulin, wasu aka bar su a kan kulawar da aka saba. Waɗanda aka tsananta wa kulawa, haɗarin kamuwarsu da cutar tantanin ido ya ragu da kashi 76 cikin 100. Waɗanda kuma cutar ta riga ta fara taɓa su, ci gabanta ya ragu da kashi 54 cikin 100.

A shekarar 1998 binciken UKPDS na Birtaniya ya biyo baya, shi kuma a kan nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu. Ya nuna cewa kula da sukari da kyau yana rage cututtukan ƙananan jijiyoyi, wato na ido da ƙoda, da kashi 25 cikin 100. Ya kuma nuna cewa sauke hawan jini yana rage tsanantar cutar ido da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka ƙwayar hawan jinin da wasunmu ke rainawa, ita ma maganin ido ce.

To daga ina dushewar gani take zuwa bayan fara magani?

A nan ne gaskiyar da ke cikin maganar dattijonmu take. Dushewar da ke biyo bayan fara magani iri biyu ce, kuma wajibi ne a bambance su.

Iri na farko mai sauƙi ne. A gaban ido akwai wani madubi na halitta mai daidaita hoto. Idan sukari ya yi sama, ruwan da ke cikin madubin yakan canza, idan kuma sukari ya sauko sai ya sake canzawa. A wannan tsakani gani yakan yi hazo na 'yan kwanaki ko makonni, sannan ya dawo da kansa. Shi ya sa masu gwajin ido ke ba da shawara kada mutum ya yanki sabon tabarau a makonnin farko na fara magani, domin zai yi asarar kuɗinsa, idon bai zauna ba tukuna.

Iri na biyu shi ne mai buƙatar kulawa. Idan tantanin ido ya riga ya lalace, sukari kuma ya daɗe yana can sama, sannan aka sauke shi da yawa cikin ɗan lokaci, cutar tana iya tsananta na wani lokaci kafin amfanin maganin ya bayyana. Masu binciken DCCT sun ga haka da idonsu: a cikin shekarar farko, kimanin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka tsananta wa kulawa idonsu ya ƙara muni, a ɗaya ɓangaren kuma ƙasa da kashi 8. Amma kusan rabin waɗanda abin ya sama sun farfaɗo cikin wata 18, kuma da shekaru suka tafi, waɗanda aka tsananta wa kulawa su ne suka fi tsira da ganinsu nesa ba kusa ba.

Mu lura da kyau. Abin da ke jawo wannan ba wata guba ba ce a cikin insulin. Abubuwa uku ne suke haɗuwa: tsawon lokacin da sukari ya ɗauka yana sama, girman saukar da ya yi, da kuma ɓarnar da ta riga ta kasance a idon. Insulin ta fi shan zargi ne domin ita ce ta fi ƙarfin sauke sukari, kuma yawanci ba ma yarda da ita sai bayan mun ɓata shekaru. Da dattijon ya karɓi magani tun farko, da babu ɓarnar da za ta tsananta. Jefar da allurar kuwa ba ya mayar da abin da ya tafi, sai dai ya buɗe ƙofa ga abin da ya fi shi.

Matakin da likitoci suka tsayar mai sauƙi ne. Duk wanda sukarinsa ya daɗe yana sama, kuma za a ɗora shi a kan magani mai ƙarfi, to a duba bayan idonsa kafin a fara ko a daidai lokacin. Idan an tarar da cuta, a riƙa duba shi akai-akai, kamar duk wata uku, a shekarar farko. Idan ta yi nisa, a yi masa leza ko allurar ido tun da wuri, likitocin biyu su daidaita aikinsu. Ma'aunin da ake kallo a nan shi ne gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku. Ya kamata kowane mai ciwon sukari ya san lambarsa ta ƙarshe kamar yadda ya san lambar wayarsa.

Magungunan, ɗaya bayan ɗaya

Metformin ita ce ƙwayar da aka fi fara ba masu nau'i na biyu. Ba ta cutar da tantanin ido, kuma ba ta hana leza ko allurar ido aiki. Abin da ake dubawa a kanta shi ne lafiyar ƙoda.

Glibenclamide da gliclazide da glimepiride suna sa jiki ya fitar da insulin ɗinsa. Matsalarsu ita ce suna iya faɗar da sukari ƙasa sosai idan mutum ya sha bai ci abinci ba, musamman glibenclamide ga tsofaffi. Wannan ya shafi ranar zuwa asibitin ido kai tsaye. Mutum ya sha ƙwaya da asuba, ya hau tirotiro ba karin kumallo, ya zauna a layi har azahar, sai jiri da gumi da rawar jiki su kama shi. Allurar ido da leza ba sa buƙatar a je da yunwa, sai fa in likita ne ya ce haka saboda tiyata. A ci abinci, a kuma riƙe dabino ko alewa a aljihu.

Insulin tana da wani ƙarin al'amari. Wanda ganinsa ya ragu yana iya kuskuren awo a sirinji, ya ɗebi fiye da ƙima ko ƙasa da ita. A nan haƙƙi ya hau kan 'ya'ya da jikoki, wani ya koyi awon a wurin ma'aikaciyar jinya ya riƙa tsayawa a kai.

Pioglitazone ƙwaya ce da ke sa jiki ya riƙe ruwa, har ƙafafu su kumbura. Wani nazari da aka yi a Birtaniya aka buga a 2012 kan mutum fiye da dubu ɗari ya tarar cewa a cikin shekara ɗaya kashi 1.3 cikin 100 na masu shan irin wannan magani sun samu kumburin cibiyar gani, alhali a cikin waɗanda ba sa sha kashi 0.2 ne. Wasu binciken ba su ga wannan alaƙa ba, amma likitocin ido sun saba tambaya a kanta. Wanda ake yi wa allura saboda kumburin cibiyar gani, kuma yana shan pioglitazone, ya sanar da likitocinsa biyu domin su duba ko za a canza masa. A kula, wani lokaci tana zuwa a haɗe da metformin cikin ƙwaya ɗaya, don haka a karanta kwalin.

Semaglutide, wadda aka fi sani da sunan Ozempic, allura ce ta mako-mako mai sauke sukari da rage ƙiba. 'Yan'uwanmu da ke Turai da Amurka sukan yi wa iyaye maganarta, wasu har su aiko. A binciken SUSTAIN-6 na 2016, wanda ya ƙunshi mutum 3,297, matsalolin tantanin ido sun samu kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita, da kashi 1.8 na waɗanda ba a yi wa ba. Da aka bi diddigi sai aka ga yawancinsu masu tsohuwar cutar ido ne waɗanda sukarinsu ya sauka da sauri, wato dai abin da muka bayyana a sama. A 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙara gargaɗi cewa maganin, a lokuta ƙalilan ƙwarai, yana iya haɗuwa da wata cutar jijiyar gani mai zuwa farat ɗaya. Magani ne mai amfani ga zuciya da ƙoda a hannun likita. Amma ba tsaraba ba ce da za a ciro daga akwati a fara yi wa tsohuwa ba tare da an duba idonta ba. Balle kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa an kama jabunsa a Birazil da Birtaniya da Amurka.

Fenofibrate asalinta maganin kitsen jini ce, amma an gano tana rage saurin cutar ido. Binciken FIELD da aka buga sashensa na ido a 2007 ya nuna ta rage buƙatar leza da kusan kashi 30 cikin 100. Sai kuma binciken LENS na Sikotilan a 2024, kan mutum 1,151 masu cutar a matakin farko, inda ci gaban cutar ya ragu da kashi 27 cikin 100. Wanda aka ce masa cutar ta fara taɓa idonsa yana iya tambayar likitansa ko ta dace da shi, bayan an gwada ƙodarsa.

Asfirin kuma, wanda ake ba wasu saboda zuciya, mutane kan ji tsoron zai sa jini ya zuba a ido. Binciken ETDRS na Amurka ya nuna ba ya ƙara wannan haɗari. Kada wani ya daina shi da ra'ayin kansa.

Maganin ido shi ma yana taɓa jiki

Kamar yadda maganin sukari ke shafar ido, haka maganin ido ke shafar sauran jiki. Sitiroid, irin su prednisolone da dexamethasone, idan aka sha su ko aka yi allurarsu a jiki suna ɗaga sukari sosai. A cikin ido kuma suna iya kawo yanar ido da wuri, su kuma ɗaga matsin ruwan ido, wanda shi ne hanyar gilakoma, cutar da wasu ke kira hawan jinin ido. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, domin binciken ido da aka yi a Tema ya tarar da gilakoma a kusan kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama. Da yawa daga magungunan ɗigo da ake saya a kemis saboda ƙaiƙayi ko jan ido akwai sitiroid a ciki. Mai ciwon sukari kada ya ɗiga komai a idonsa sai da rubutun likita. Haka nan ruwan ganye ko na sassaƙe da ake ɗigawa ba ya isa bayan ido inda cutar take, sai dai ya jawo gyambo a gaba.

Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya a 'yan watannin baya, ya faɗa wa likita kafin a yi masa allurar ido. Mai juna biyu ma haka, domin ana kauce wa wannan allura a lokacin ciki, kuma cikin da kansa yana iya hanzarta cutar. Mace mai ciwon sukari ta nemi a duba idonta tun a watanni ukun farko.

Akwai kuma maganar zaɓi tsakanin leza da allura ga wanda sababbin jijiyoyi suka tsiro masa. Allura tana aiki da kyau matuƙar ana zuwa a kan kari. Amma wanda ya yanke zuwa, cutar takan dawo da ƙarfi, alhali aikin leza yana ɗorewa. Mu mutanen fatauci ne, yau muna Kumasi, gobe Tamale ko Bawku ko Lome. Wanda ya san tafiya ko rashin kuɗi za su hana shi zuwa duk wata, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko domin a zaɓa masa abin da zai iya riƙewa. Wanda kuma aka yi wa tiyata aka sa masa iskar gas a ido, haramun ne a likitance ya hau jirgin sama har sai iskar ta baje, domin tana kumbura a sama ta kashe ido. Maniyyata Hajji da Umara su riƙe wannan.

Azumi da salla

Mun sha ganin mutane suna tsallake ranar allurar ido, ko su ajiye maganin ɗigo har wata ya wuce, saboda tsoron karyewar azumi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1997, ta tsayar cewa maganin ɗigo a ido ba ya karya azumi matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba, haka ma allurar magani wadda ba ta ciyarwa ba ce. Insulin da allurar cikin ido ba abinci ba ne, ba kuma abin sha ba. Huda yatsa domin gwada sukari shi ma ba ya karya azumi.

A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka sa a ido da rana idan ya isa maƙogwaro yana wajabta ramuwa. Mai son fita daga saɓani yana da hanya: bayan ya ɗiga, ya rufe ido ya danne kusurwar da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu, wannan yana tare ruwan daga gangarawa, kuma likitoci da kansu suna koyar da haka domin maganin ya zauna a ido. Maganin da ake ɗigawa sau biyu a yini kuma ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki, bayan an tambayi likita.

Game da azumin kansa, a je wurin likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan domin a gyara lokutan magani da awonsa. Ƙa'idar da ƙwararru suka fitar ita ce mai azumi ya sha ruwa nan take idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 3.9, ko ya haura 16.6 a ma'aunin da injinan gwajinmu ke nunawa. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, Allah Ya riga Ya yi masa rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama, in kuma ciwon ba mai tafiya ba ne ya ciyar. Karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne. Sannan mu ji tsoron Allah a kan faranti: a wuni da yunwa, a buɗe baki da koko mai sukari da ƙosai da masa da sobolo da burkina, a biyo da waakye, wannan hawa da saukar ba ya yi wa jijiyoyin ido daɗi.

Wanda aka yi wa aiki a ido aka hana shi sa ruwa, ya wanke abin da zai iya na fuskarsa ya yi shafa a kan bandeji. Wanda aka hana shi sunkuyawa na wasu kwanaki, ya yi sallarsa da nuni gwargwadon ikonsa, sallarsa ta yi.

Abin da za mu yi daga yau

Mai nau'i na biyu a duba bayan idonsa da zarar an gano ciwon, mai nau'i na ɗaya cikin shekara biyar na farko, daga nan kuma duk shekara ko yadda likita ya tsara. Gwajin karanta baƙaƙe a allo bai wadatar ba, sai an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido an leƙa ciki, ko an ɗauki hoton tantanin. Maganin yakan sa hazo na 'yan sa'o'i, don haka a je da ɗan rakiya, kada a tuƙa mota ko babur. A nan Kumasi, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da cibiyar ido da kuma sashen masu ciwon sukari, kuma ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, kamar na Manhyia ko na Tafo, a karɓi takardar turawa. A sabunta katin inshorar lafiya kafin ya mutu.

Ranar zuwa, a zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da wanda aka aiko daga waje. A nuna wa likitan ido abin da likitan sukari ya rubuta, a kuma kai wa likitan sukari abin da likitan ido ya gani. Sau da yawa waɗannan biyun ba sa haɗuwa, mai jinya shi ne manzo a tsakaninsu. Duk wanda ya ga baƙaƙen ɗigo suna yawo a ganinsa kwatsam, ko wani abu kamar labule ya rufe gefe, ko gani ya ɗauke, ko ido ya yi zafi da ja bayan allura, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka rubuta masa.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin mata su isar da wannan bayani a wuraren karatu da taron suna da na aure. Ɗalibai kuma, kowa ya koma gida ya tambayi mahaifinsa da mahaifiyarsa: yaushe rabon da a duba bayan idonku? In amsar ta wuce shekara, to ka san aikin da ke gabanka a wannan mako, kuma yana cikin biyayya ga iyaye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ya sa mu yi amfani da su a cikin abin da Ya yarda da shi. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.